Abin da aikin awon barci ya koya mana game da matakin mafarki

Abu na farko da ake cusa wa mai koyon karanta awon barci shi ne kada ya yarda da alama ɗaya. Matakin barci da ake kira REM, wato matakin mafarki da ido ke motsi da sauri a cikinsa, wanda Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka gano a Jami'ar Shikago a 1953, ba ya tabbata sai shaidu uku sun haɗu daga wayoyin awo da ake manna wa mai barci. Wayoyin fatar kai su nuna ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ta mai ido biyu, na gefen idanu su nuna ƙwayar ido tana kai-komo da sauri, ta haɓa kuma ta nuna tsoka ta saki sarai. Awon kuma daƙiƙa 30-30 ake yanka shi, kowane yanki da hukuncinsa.

Yawancin kuskure daga ɗaura waya yake farawa. Ta idon hagu ana sa ta santimita ɗaya ƙasa da gefen ido, ta dama santimita ɗaya sama, domin idan ido ya motsa layukan da wayoyin biyu ke zanawa su bauɗe wa juna. In suka tafi gefe ɗaya tare, ba ido ba ne, igiyar ƙwaƙwalwa ce ta goshi ta shigo. Ta haɓa ita ce mai wahala: gumi da gemu suna kwance ta, kuma da zarar ta kwance an rasa shaidar da ke raba mafarki da farkawa. Shi ya sa ake goge fata da kyau, kuma kafin a kashe fitila a sa mutum ya dubi hagu da dama, ya ƙifta ido, ya cije haƙora, a ga kowace waya ta amsa.

Sai lokaci. Zangon REM na farko yakan zo bayan kamar minti 90 da kama barci, gajere ne, kusan minti 10. Masu tsawon sai goshin asuba. A babban mutum, REM kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne na barcin dare, don haka wanda ya yanke awa biyun ƙarshe ya fi yin asarar wannan matakin a kan sauran. Masu aikin dare ne suka fi shan wannan.

Kada a yanke hukunci ba a tambayi magani ba. Giya da wasu magungunan ciwon damuwa suna danne REM, in an daina ya dawo da ƙarfi da mafarkai masu yawa. In kuwa ya zo cikin minti 15 da kama barci, ana zargin ciwon nakolefsi, mai sa barci ya kama mutum kwatsam da rana, amma rashin isasshen barci ma yakan jawo haka.

Sakin tsokar nan shi ne bayanin dannau: mutum ya farka, jiki bai gama fita daga REM ba. Yana firgitarwa, amma yana wucewa da kansa. Akasinsa ne ya fi tayar mana da hankali, wato dattijon da tsokarsa ba ta saki, yana naushi da shuri cikin mafarki. Wannan a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, domin sau da yawa yakan riga ciwon Fakinsan, mai sa karkarwar jiki, bayyana da shekaru.