Abin da ma'auni ke gaya mini kafin mai inji ya buɗe baki

Shekaru da dama ke nan ina gyaran injin faifai, wanda tsofaffi ke kira garmaho. Ni da yara biyu ne a wurin aikin. Kayan aikinmu ba su da yawa: ƙaramin sikeli mai auna nauyin allura, madubin ƙara girma, da faifan gwaji mai fitar da sauti ɗaya tak, 3,150 Hz, wato girgiza 3,150 a kowace daƙiƙa. Idan farantin da ake ɗora faifai a kai na juyawa daidai, sautin nan yana tsayawa cak. Idan akwai tangaɗi, kwamfuta za ta nuna.

Gardamar da na fi sha ita ce ta bel. Masu son sauti da yawa sun haƙiƙance cewa injin da bel ke ja ya fi daɗin ji, wanda kuma motar lantarkin cikinsa ke juya faranti kai tsaye ba bel wai yana fizgar sauti. Wannan magana ta yi ƙarfi tun shekarun 1970, lokacin da injin Linn Sondek LP12 na Sikotilan, mai bel, ya yi suna, Technics na Japan kuma ya fito da SL-1200, mai juya faranti kai tsaye, a 1972. To amma SL-1200 MK2 na 1979, a takardar kamfanin, tangaɗinsa kashi 0.025 ne cikin 100. Na auna masu bel da yawa, masu kyau ƙwarai, kaɗan ne suka kamo wannan ƙarancin tangaɗi.

Ni ba na raina kunnen kowa. Abin da ke damuna shi ne mutum ya kashe dukiya a inda matsalar ba ta nan. Wani dattijo ya taɓa kawo mini injinsa, ya ce sautin piyano na lilo, an ba shi shawara ya sayi sabo. Na ce, "Baba, ɗan dakata." Na ɗora faifansa, muka zuba wa hannun allurar ido. Yana tafiya hagu, yana dawowa dama, a kowane juyi. Ramin tsakiyar faifan ne bai zauna a tsakiya ba. Kaucewar rabin milimita, idan allura na santimita 10 daga tsakiya, tana sa gudun ya hau ya sauka da kashi 0.5 cikin 100, duk daƙiƙa 1.8, wato kowane juyi ɗaya. Injin lafiyarsa lau. Wannan matsalar ce ta sa kamfanin Nakamichi na Japan ya taɓa ƙera inji mai daidaita tsakiyar faifai da kansa.

Haka batun nauyin allura. Kowa na cewa a sassauta don kada faifai ya ci. Allurar da ta yi sakayau tsalle take yi cikin layin faifan tana dukan gefensa, ɓarnarta ta fi ta mai ɗan nauyi. Idan kamfani ya ce giram 1.8 zuwa 2.2, ina sa 2.

Wayar da ke ɗaukar sauti daga inji kuwa, a nan masu cewa tana canza sauti suna da gaskiya, sai dai ba don tsadarta ba. Tsawonta da yawan cajin da take riƙewa suna canza siririn sauti a wasu kawunan allura, kuma ana iya aunawa.

Shi ya sa duk injin da zai bar hannuna, ina haɗa shi da takarda: gudu kafin gyara, gudu bayan gyara, nauyin allura, da abin da na gani a bakinta ta madubi. Dattijon nan ya koma da tsohon injinsa, sabuwar allura kawai na sa masa, don tasa ta riga ta dakushe.