Aikin saka mita da gyaran harkar wuta

Sana'ata saka mita. Yara shida ne a ƙarƙashina, da mota ɗaya da tsani biyu, kuma yawancin aikinmu kwangila ce daga kamfanin rarraba wuta: mu cire tsohuwar mita, mu ɗaura mai kati, mu duba wayar da ta sauko daga turke.

Duk ƙasar da ta tashi yi wa lantarki garambawul, kusan hanya ɗaya take bi. A raba kamfanin gwamnati gida uku, masu samar da wuta, masu dakonta a manyan layuka da masu rarrabawa, a kafa hukumar da za ta yanka farashi, sannan a gayyato 'yan kasuwa. Chile ce ta fara a 1982, Bankin Duniya kuma ya yi ta tallata tsarin a shekarun 1990. Ban ƙi shi ba. Amma ko an raba gida goma, kuɗin ta ƙofa ɗaya yake shigowa, wato aljihun mai amfani da wutar, kuma a bakin wannan ƙofa muke yini.

Kwanaki na shiga wani gida, mita na tafiyar hawainiya alhali firji biyu na ruri. Ina buɗe akwatin sai ga wata 'yar waya an zagaye mitar da ita, an naɗe da baƙin salatif tsaf, aikin gwani. Maigidan ko musu bai yi ba. Cewa ya yi, "Malam, shekara biyu ana kawo mini bil na kintace, wutar ma ba a kawowa. Wa ya fara cutar wani?" Na cire wayar, na rubuta rahoto, amma ban ba shi amsa ba. Shi dai ana iya yanke masa wuta. Manyan ma'aikatun gwamnati da bashi ya yi wa katutu kuwa, wa ya isa ya jingina tsani a turkensu?

A Delhi ta Indiya, lokacin da aka miƙa rarrabawa ga 'yan kasuwa a 2002, kusan rabin wutar ba a ganin kuɗinta. Da mita, da sauya wayoyi, da bin sawun masu sata, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, amma sai da aka kwashe shekaru. Ghana ta ba 'yan kasuwa nata aikin rarrabawar a 2019, ta soke yarjejeniyar kafin shekarar ta ƙare. Uganda ta ba kamfanin Umeme nata na shekara 20 tun 2005, ta karɓe abinta a 2025.

Mu ƙananan 'yan kwangila mu ne a ƙarshen layin biya. Mitoci ɗari huɗu muka ɗaura a aikinmu na baya, wata biyar ke nan takardar kuɗin na kan tebur. Albashin yaran na watan jiya daga kuɗin gyaran motar na cire.