Kafin ka kwance kabireta, bi man tun daga tanki

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota mai kabireta ya san wannan halin, kana cikin tafiya lafiya lau sai ta fara fizga tana tari kamar mai mura, ka taka totur ta ƙi amsawa, can sai ta ɗauke ɗif. Kuma kowa ya leƙo abu ɗaya zai ce maka, kabireta ce, a kwance a wanke. Ni ma da haka na yarda, sai da tawa ta koya min hankali.

Nata salon daban ne. Da safe kik ɗaya take tashi, silo ɗinta tsaf, in yi tafiyar minti 15 ko 20 ba komai, amma da na samu miƙaƙƙen titi na sakar mata ƙafa sai ta fara shaƙewa, in gangara gefe in tsaya ina kallon bonet, bayan ɗan lokaci in murza makulli ta tashi kamar ba ita ba. Sau biyu ana wanke kabiretar, an canza fulogi, an canza kwantak, wani bakanike ma ya yi ta juya sukurorin silo har motar da ke da ciwo ɗaya ta koma mai biyu. Ban ga laifinsa sosai ba gaskiya, ni na je da bakina na ce masa kabireta ce.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne kabireta ba ita ke jawo mai daga tanki ba, kawo mata ake yi. A jikinta akwai wani ɗan kwano da mai ke taruwa, da fulot da allura, irin aikin ƙwallon nan na cikin tankin ruwa, in kwanon ya cika fulot ya taso allura ta toshe hanya, in ya ragu ta buɗe. Iskar da injin ke zuƙa ta maƙogwaronta ita ke tsotso man ta cikin jet, wato 'yar ƙofar da mai ke fita, wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur in an auna da nauyi. To in kwanon nan ya bushe, ko Solex ce irin ta Peugeot 504 da Volkswagen Beetle, ko Weber, ko Holley, ba abin da za ta iya, wanke ta sau goma ma aikin banza ne.

Gwajin farko ko sifana ba ya buƙata. Injin a kashe, ka cire murfin filtar iska, ka haska tocila cikin maƙogwaron, ka ja wayar totur da hannu sau biyu. In ka ga siririn mai ya yi tsartuwa tsiit, akwai mai a kwano, koma ka duba wuta, don sau da yawa kwayil ne ke zafi yana yankewa a ɗora wa fetur laifi. In ba ka ga komai ba ka kama bakin zaren. Amma fa a daidai lokacin da ta mutu za ka yi, a bakin titin, ba washegari da ta huce ba. Masu tsofaffin motocin Ingila masu kabiretar SU wannan gwajin ba naku ba ne, ita ba ta da famfon tsartuwar nan.

Daga nan sai filtar mai. Cire ta ka zazzage a kan farin ƙyalle ta ɓangaren da mai ke shiga, in ka ga jan gari to tsatsar tanki ce, kuma sabuwar da za ka sa ma toshewa za ta yi. Kar ka damu in filtar roba mai garai-garai ta nuna maka rabi mai rabi iska, haka suke. Wasu kabiretocin kamar Rochester suna da wata 'yar mitsitsiyar filta a cikin notin da bututun mai ke shiga, mutane da yawa ba su ma san da ita ba.

Famfon mai shi ne na fi so a daɗe a kansa. Na tsofaffin motoci a jikin injin yake, kamshaf ke tura masa hannu, wata 'yar fatar roba a ciki tana sama da ƙasa tana zuƙowa tana turawa, kuma ƙarfinsa kaɗan ne, galibi tsakanin psi 3 zuwa 7 (psi ma'aunin ƙarfin turi ne) gwargwadon mota, alhali motocin injekta suna kaiwa 40 ko fiye. Zare tiyon da ke shiga kabireta ka sa a kwalba, ka cire ƙaramar wayar kwayil don kar a samu tartsatsi, wani ya yi maka kik, kuma dan Allah injin a huce, ba sigari kusa. Lafiyayyen famfo bul-bul-bul zai riƙa tofowa da ƙarfi, wanda ya gaji kuma sai dai ya riƙa dalala, kuma irinsa ne yake isar silo amma da an hau tudu ko an ɗau gudu sai kwano ya ƙafe. Sannan zaro sandar gwada baƙin mai ka shinshina, in tana warin fetur ko man ya ƙaru ya tsinke, fatar famfon ta yage yana zuba fetur cikin injin, wannan kar ka ƙara tafiya da ita sai ka canza famfon da baƙin man gaba ɗaya.

Akwai wani munafukin ciwo kuma, tiyon da ke tsakanin tanki da famfo. Nan zuƙa ake yi ba turi ba, saboda haka zai iya tsagewa ba ka ga ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa ba, iska kawai yake sha. Lanƙwasa shi ka ga ko ya yi tsaga-tsaga. Fetur ɗin da ake gaurayawa da itanol kashi 10 cikin 100 yana cin tsohuwar roba, yana kuma jan ruwa in mota ta daɗe a ajiye. In kuma sai an sha zafi a cunkoso take mutuwa, wataƙila man ne ke tafasa a bututu ya zama tururi famfo ya kasa turawa, ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon da bututun, in ta tashi da wuri ka gano shi.

Wani lokacin ma ba ƙarancin mai ba ne, yawa ya yi. Baƙin hayaƙi a salansa, warin fetur, fulogi a jiƙe baƙi ƙirin. Ko datti ya maƙale a bakin allura, ko fulot ya huje ya nutse, girgiza shi kusa da kunne za ka ji mai na motsi a ciki, ko kuma an sa mata famfon lantarki da ya fi ƙarfin allurar. Irin wannan in za ka tayar, danne totur har ƙasa ka riƙe, kar ka yi ta famfawa.

Ni dai duk na bi waɗannan ban samu komai ba, famfo lafiya, filta fes. Sai na sa jarka ƙarama na ja tiyo daga cikinta zuwa famfo na bar injin yana ta aiki a tsaye ina ba shi wuta, ko gezau, ashe ciwon yana baya. Rannan da ta sake mutuwa sai na zagaya na buɗe murfin tanki, ina murɗawa na ji fuuu, iska ta ruga ciki. Murfin asali ya taɓa ɓata na sayi wani da ya hau daidai, ban san na asalin yana da 'yar ƙofar shan iska ba, wannan kuma a toshe yake ruf, famfo na jan mai ba iskar da ke maye gurbinsa har ya kai ya kasa ja. Shi ya sa ta fi yi min in na cika tanki, shi ya sa kuma in ta huta iska ta ɗan silala ciki sai ta tashi. Na samo murfi mai huji na sa. Sukurorin silon nan da aka juya kuwa sai da na shafe yini biyu kafin na maida su inda suke.