Leza ke ba da zafi, ƙarfen ke taurara kansa

Duk wanda ya fara ganin ana taurara ƙarfe da leza zai ɗauka hasken ne ke yin komai. Wani tabon haske ne ke rarrafe a kan haƙorin giyar inji, ba ruwa, ba mai, ya bar sawu mai ɗan duhu a baya. Aiki a wannan fanni ya nuna mini cewa rabin aikin kaɗai lezar ke yi. Nata shi ne ta kai zafin fatar ƙarfen sama da digiri 900 cikin ɗan lokaci, ba tare da ya narke ba. Da ta wuce, sai cikin ƙarfen da ke da sanyi ya zuƙe zafin nan take. Saurin hucewar nan ne ke tsare kabon a inda ya shige, tsarin ƙarfen ya rikiɗa ya zama matansayit mai tsananin tauri. Maƙeri a ruwa yake tsoma gatarinsa. A nan jikin ƙarfen ne ruwan.

Shi ya sa in an kawo aiki, ba ƙarfin injin nake fara tambaya ba. Wane irin ƙarfe ne, kuma me aka yi masa kafin ya iso? In kabon ɗinsa bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba, ko an kwana ana haska shi ba zai yi taurin kirki ba. Irin C45 kuwa, wato ƙarfe mai matsakaicin kabon, yakan kai 55 zuwa 60 a ma'aunin tauri na Rockwell. Amma ko ƙarfe biyu sun zo da suna ɗaya, ba lallai su amsa iri ɗaya ba. Wanda aka gasa aka bar shi ya huce a hankali, kabon ɗinsa ya taru gungu-gungu, kuma daƙiƙa ɗaya ko biyu ba ta isa ya watsu ba, sai ka sami tauri a nan, laushi a can. Wanda aka riga aka taurara aka sassauta, tsarinsa ƙanana ne, yana karɓa da sauri. Wannan bambancin ba ya cikin takardar oda, sai ka tambaya, wani lokaci ma mai kayan bai sani ba.

Kauri ma haka. Siririn faranti ba shi da jikin da zai shanye zafin. Kaifi da kusurwa su ne masu saurin narkewa, don zafi ba shi da wurin gudu, shi ya sa na'urar auna zafi daga nesa ke rage wutar lezar da kanta in an iso bakin ƙarfe.

Fasahar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1970 kamfanin General Motors ya fara amfani da ita a Saginaw, Amurka, wajen taurara cikin gidan sitiyarin mota. Lezar iskar kabon ta wancan zamani, ƙarfe mai sheƙi yakan mayar da mafi yawan haskenta, dole sai an shafa masa baƙin shafi tukuna. Lezar dayod, wadda ta zo daga baya, ta rage wannan wahalar sosai.

Inda na fi sa ido yanzu shi ne mahaɗar layi biyu. In fili ya fi tabon faɗi, layi na biyu yakan sake dumama gefen na farko ya sassauta shi, a bar wata siririyar hanya mai laushi. Ido ba ya ganinta, amma daga nan ci zai fara. Sai a tsara ta faɗa inda gogayya ba ta da yawa.

Ban kuma yarda da launin sawu ba. Sai an yanka samfur, an goge, an ɗiga masa ruwan asid, an bi shi da ma'aunin tauri na Vickers daga fata zuwa ciki. Zurfin taurin galibi bai wuce milimita ɗaya da rabi ba. Ga abin da ke shan gogayya kuma ba a so ya karkace, wannan ya wadatar. Ga sandar da za ta ɗauki nauyi mai yawa, wadda ke bukatar milimita huɗu ko biyar, nakan ce wa mai kayan ya kai ta inda ake dumamawa da naɗin wayar lantarki.