Fim ɗin Nura

Kuran ya ɗauke tun ƙarfe tara na safe, na koma kan tsohuwar keke mai ƙafa. Riguna biyu na Hajiya na gama, ta ukun tana jiran zare, kalar da take so babu ita duk babbar kasuwa. Zafi kam ba a magana. Labarin shago ke nan.

Fim ɗin Nura ne ya hana ni barci.

Watan jiya ya zo fadarmu, inda muke zaman shan shayi da dare, da abokan karatunsa biyu, da kamarar aro da makirfo mai gashi kamar wutsiyar kyanwa. Dare uku suka yi tare da mu. Mun ba su tabarma, mun ba su shayi, Lawali har motonsa ya ara musu suka je bakin Gulbi ɗaukar faɗuwar rana. Yau bayan la'asar sai ga shi da kwamfuta a hammata yana ta washe baki, wai an gama montaj, wato haɗa fim ɗin, jibi za su nuna wa mushensu, malamin da ke koya musu, yana so in fara gani. Inna ta jawo kujera ƴar tsugunno, Rakiya ta baro wanke-wanke, hannu duk kumfa.

Minti 11 ne. Da hayaƙi ya buɗe. Hayaƙin gawayin shayi ne, ni na fifita shi da guntun kwali, amma yadda aka matso da shi, aka sa wani kiɗa mai nauyi ƙarƙashi, wanda bai san mu ba zai rantse wani abu muke busawa. Sai ƙafafu cikin silifa. Sai hannun Ila yana raba karta. Sai Lawali kwance bisa moto, hula a fuska. Muryar Nura na bin hotunan da Faransanci, a hankali kamar mai karanta sanarwar rasuwa a rediyo: kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, ga kuma abin da ke jiran su. Can wajen minti na shida kamara ta sauka ƙasa, ta tsaya kan fankon kwalin tramol dab da tabarmarmu.

Inna ta ce, "Innalillahi. Wa ke sha cikinku?"

Na ce ya tsayar. Na ce, "Nura, daga ina wanga kwali ya fito?"

Ya sosa ƙeya. Wai bayan tasha ya tsinto shi, shi ya aje da hannunsa. "Alama ce, Yaya. Ba ku nake nufi ba, matasa gaba ɗaya nake nufi."

Na ce matasa gaba ɗaya ba su da fuska, wannan kuwa fuskar Ila ce, Ilan da aka kai kuɗin gaisuwarsa Tibiri sati biyu da suka wuce. In abin nan ya hau Facebook, kawun yarinyar ba zai tsaya tambayar mi ake nufi da alama ba. Inna dai har yanzu kallona take, ba ta gama yarda ba. Uwar da ta haife ni ke nan, a minti shida kwali ɗaya ya sa ta shakka.

Sai na shiga lissafa masa abin da ya ɗauka da bai saka ba, don ina wurin, na gani. Dare na biyu a gabansa muka buɗe asusu, kowa dala ɗari duk sati, muka ƙirga, muka cire na maganin tsohuwar Ila. Ya ɗauka. Lahadin da muka yashe magudanar layinmu kafin ruwa ya sauka, ya ɗauka, har laka ta ɓata masa wando. Lawali ya zauna ya yi masa bayani kusan minti 20: yadda sayar da man kwalba ya daina ci da shi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yadda aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu watanni, ya koma kabu-kabu cikin gari inda motoci sun fi fasinja yawa. Barcin nan da yake bisa moto, tun asuba yake kan hanya. Ko kalma ɗaya tasa ba ta shiga ba.

Nura ya ce ƙarar janareton mai caji ta ɓata sautin. Na ce to magudanar fa, ita ma janareto? Ya ce mushe ya gaya musu gajeren fim matsala ɗaya yake so, in babu matsala babu fim, kuma masu ba da maki ba za su zauna kallon mutane na ƙirga dala-dala ba. Ya ƙara da cewa ai ba yau aka fara ba, an nuna musu wani fim na Mustafa Alasan na 1966, inda saurayi ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa suka hana ƙauye sakat. Na ce madalla, ashe gado kuka ci. Amma can kowa ya san wasa ne, da hulunansu da bindigoginsu. Kai ka zo da sunan gaskiya kake ɗauka, ka sa mana kwali.

Ni dama finafinan Kano sun ishe ni da wannan. Saurayi ko ɗan Alhaji ne mai mota, ko ɗan daba mai wuƙa a ƙugu. Tela, bakanike, mai tura ruwa, sai dai su gifta a bayan jarumi. Ina zaton in ɗan gida ya riƙe kamara abin zai sake.

Rakiya ta tsoma baki, wai mu gode Allah ko karta an bar mu muna yi. Ɗaya rukunin ajinsu Nura kan ƴan mata suka yi nasu, ta gani a wayar ƙawarta: tire na talla, hawaye, lalle, shi ke nan. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin yarinya na dariya a fim ɗin ƴan lakkwal ba. Inna ta kore ta ta koma kan kwanoni.

Abin da ya fi ci mini rai kalmar "su" ce. Duk tsawon muryar nan "su" yake cewa: suna jira, ba su da gobe. Yaron da tun yana shekara 15 muke aikensa sayen sukari da na'ana'a a fadar nan, wanda ya koyi karta a hannun Ila, wanda da kuɗin asusun nan aka cika masa na rajista shekararsa ta farko. Na gaya masa haka, ban so na gaya masa ba, don gori ne. Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce zai cire kwalin, zai nemi minti biyu na Lawali da sautinsu ke da dama-dama ya saka. Muka ci gaba da kallo.

Sai minti na tara.

Ni ne. Ba a aje komai kusa da ni ba, ba kiɗa, ba murya. An sha kofi na uku, kowa ya duƙufa kan wayarsa, ni kuma ina zaune na zuba wa bangon da muka rubuta sunan fadarmu ido. Ban san yana ɗauka ba. Ya bar kamarar a kaina ya fi rabin minti, ban motsa ba, ko ƙiftawa da kyar. Fuskar mutumin da ke zaune a tasha ne bayan motar ƙarshe ta tashi, bai kuma yi niyyar komawa gida ba. Fentin sunan ya koɗe, rabin harufan sun zube, ni na shafa shi da hannuna shekara 12 da suka wuce, lokacin muna cewa kafin mu yi aure ne kawai.

Rakiya ta leƙo ta bayan kafaɗata ta ce, "Yaya, mi kake tunani nan?" Na ce zaren Hajiya. Suka yi dariya, har Inna.

Wannan wurin na fi so a cire, fiye da kwalin, kuma ba ni da bakin cewa a cire. Kwali ƙarya ne, na kama shi da hujja. Nan kuwa mi zan ce, ba ni ba ne? Nura ya saci kallona, na ga yana jira in yi magana. Na ce hasken ya yi kyau. Ya ce fitilar mai shayin tsallake ce.

Tuwon dare miyar kuka, ban ci da yawa ba.

Bayan isha'i na je fada kamar kullum. Ila ya tare ni da "Mun fito da kyau?" Na ce ya jira jibi. Ban faɗi zancen kwali ba, tunda za a cire. Lawali bai zo ba, ya kai wani Madarunfa. Na karɓi fifita gawayi, na karɓi wanke kofuna, na karɓi rabon karta, har Ila ya ce yau mi ya same ni da ƙwazo. Na zauna ta inda bangon ke bayana.

Kuran ya dawo sha ɗaya saura. Gobe zan aika Katsina a duba zaren.