Rabin awa da ta koma sakan 30

Tun safe nake kan allon Arduino Uno ɗin nan, ƙaramar kwamfuta mai sarrafa na'urori, kuma abin da nake nema bai taka kara ya karya ba: famfon ban ruwa ya tashi, ya yi aikinsa, ya huta rabin awa, sannan ya sake tashi. Na rubuta delay(30*60*1000), umarnin jira na rabin awa a lissafin milisakan (1,000 ne sakan ɗaya), na loda, na koma gefe da farin ciki. Ban gama gyara zama ba sai na ji rile, makunnin da allon ke kunna famfo da shi, ya yi ƙas, famfo ya tashi. Da na duba agogo, sakan 30 da 'yan kai ne suka wuce.

Na canja wayoyi, na canja rile, duk a banza, har Malam ya shigo da rana ya tsaya a bayana yana karanta layin.

"Lissafinka daidai ne a takarda," in ji shi, "amma a ina kake so allon ya zuba 1,800,000?"

Ya bayyana mini cewa a ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon, lamba irin int (mazubin lambobi na yau da kullum) bit 16 ce kawai, ba ta wuce 32,767, kuma tun da ban faɗi nau'in lambobin ba, a cikin wannan ƙaramin mazubi aka yi ninkin. Abin da ya zube ya zube, aka bar milisakan 30,528.

"Malam, ashe shirin lodawar ba ya yin gargaɗi?"

"Yana yi, kai ne ka bar gargaɗin a kashe."

Na ƙara UL a bayan 30, alamar da ke sa a yi ninkin a babban mazubi, matsalar ta kau.

Sai dai maganar da ya yi yana fita ce ta hana ni sakewa. Ya ce muddin delay() na gudana, shirin ba zai duba maɓalli ba, ba zai san tanki ya ƙafe ba, don haka in koma millis(), mai ƙirga milisakan tun kunna allon, in riƙa cire lokacin farawa daga lokacin yanzu. Ita ma millis() tana cika ta koma sifili bayan kwana 49 da ɗoriya, kuma cirewar ce kaɗai ke tsallake wannan ranar lafiya. Kuskuren yau ya nuna kansa cikin sakan 30; wancan zai yi shiru har mako bakwai, lokacin da babu kowa a kusa da famfon, kuma shi ne yake damuna.

Agogon allon ma yana zamewa a hankali, saboda haka ina tunanin haɗa masa DS3231, ƙaramin agogo na daban mai riƙe lokaci daidai.

Famfo ya tashi yanzu. Na rubuta lokacin a takarda domin in gwada da na safe.