Carbi a Hannu, Fartanya a Kafaɗa

Ina da shekara 31 na karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun wani dattijon muƙaddami a ƙauyenmu, can ƙasar Ringim. Lokacin ina da mata da 'ya'ya uku, ga Inna a ɗakinta, ga gonar gado da duk gidan ke ci daga gare ta. Ranar da Malam ya yi mini talƙini bai ɗora mini abu mai nauyi ba. Lazimi safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa sau ɗaya a yini tare da jama'a, sai zikirin Juma'a bayan la'asar. Ya kuma ja kunnena a kan salla cikin jam'i da biyayya ga iyaye. In mutum ya zauna a natse, lazimi ɗaya ba ya cinye masa rabin awa.

Ni ne na yi wa kaina ƙari, don na ɗanɗani abin da ban taɓa ɗanɗana ba. Dare ya raba, gari ya yi tsit, in shimfiɗa buzu a zaure in kama hailala, har in daina jin ƙidayar. Ƙuncin da na daɗe ina ɗauke da shi tun rasuwar mahaifinmu ya riƙa narkewa. Wanda ya san wannan daɗin ba zai ga laifina ba da na so in dawwama a cikinsa. Daga ɗari na koma dubu, daga dubu na daina lissafi. Sai in yi asuba in kwanta, ba ni tashi sai hantsi ya dubi ludayi. Da rani babu wanda ya lura, don aikin bai wuce gyaran danga da kai taki ba.

Azumin 2016 ya faɗo a watan Yuni, goman ƙarshe kuma ta kama ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Mun riga mun yi shuka, gero ya tsiro, ciyawa ta taso tare da shi, noman firi kawai ake jira. A nan ne na ɗaura niyyar shiga itikafi. Da yake kwana goma ba ya rasa Juma'a a ciki, dole sai a masallacin Juma'a, don haka na haɗa buzuna da buta zan tafi cikin gari. Na durƙusa ina yi wa Inna sallama, ta ce, "Wa ka bar wa gonar?" Na ce Allah na bar wa. Ta dube ni, ba ta ƙara cewa komai ba.

Ba zan ɓoye ba, kwanakin nan goma suna cikin mafi daɗin da na yi a duniya, kuma har yau ba na raina ibadar da na yi a cikinsu. Abin da na tarar a gida ne ban shirya masa ba. Washegarin Salla na leƙa gona, na ga rabinta an nome tsaf, rabin kuma ciyawa ta shanye geron, ya yi rawaya ya tsumbure. Na zaci 'yan'uwa ne suka yi mini gayya. Sai da na dawo na ga turken akuyar mai ɗakina wayam. Ashe ƙanenta ta ba ya kai kasuwar Gujungu, da kuɗin aka biya 'yan ƙwadago, aka auno hatsin buɗa-baki, ragowar aka yi wa yara ɗinkin Salla. Akuyar nan tata ce ta kanta, tun tana 'yar ƙarama take kiwonta, ga ciki gare ta.

Ba ta yi mini gori ba. Da dare ne ta ce, "Malam, ni ma fa ina marmarin in raya daren nan ko sau ɗaya. To amma wa zai tashi ya ɗora sahur?" Maganar nan ta fi asarar geron yi mini zafi, alhali a kakar ko rabin damman da muka saba ɗaurewa ba mu ɗaure ba. Natsuwar da nake ji a kan buzu, ashe wata ce ke biyan kuɗinta da barcinta da dukiyarta.

Na je wurin Malam na kwashe komai na faɗa masa. Tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Wa ya ba ka izinin ƙarin?" Na ce, "Allah gafarta Malam, babu." Sai ya kawo mini labarin Salmanul Farisi da Abu Darda'i, wanda Buhari ya ruwaito. Salmanu ya ziyarci Abu Darda'i, ɗan'uwansa a Musulunci, ya tarar da matarsa ba kwalliya, ta ce ai mijinta ba shi da bukatar duniya. Aka kawo abinci, Salmanu ya ƙi ci sai da Abu Darda'i ya karya azumin nafilarsa suka ci tare. Da dare Abu Darda'i ya tashi zai yi salla, Salmanu ya ce ya kwanta, sai a ƙarshen dare suka tashi tare. Ya gaya masa cewa Ubangijinsa yana da hakki a kansa, ransa yana da hakki, iyalinsa ma haka, ya ba kowa nasa. Da maganar ta je wa Annabi (SAW) ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Malam ya rufe da cewa itikafi nafila ne, ciyar da iyali kuwa wajibi, kuma in fara da biyan akuyar kafin in sake ƙara ko ƙwayar carbi ɗaya. Sai da aka sayar da gyaɗa na iya biya.

Tun daga nan wuridina ya koma bin shekara yadda manomi ke bin ta. Da damina ina yin lazimin safe kafin ketowar alfijir, abin da ɗariƙa ta yarda da shi, in yi asuba, rana ta fito ta same ni a gona. Na yamma yana bayan la'asar, wazifa bayan magariba, daga isha sai kwanciya. Lazimi yana son alwala da zama da fuskantar alƙibla, ba a haɗa shi da hira, don haka ba na yin sa a kan aiki. Amma hailala ta sakaka babu mai hana ta, kuma na gano tana tafiya daidai da saran fartanya. Kunya guda sai in kai ƙarshenta bakina bai huta ba. Sulusin dare na bar wa rani, shi ma ba kullum ba. Wasu dararen nata ne: in yaro ya farka ni ke rarrashi, ita tana kan sallayarta.

Har yanzu zuciya tana guduwa. Ina tsakiyar salati sai in tsinci kaina ina lissafin kuɗin buhun taki. Da na yi wa Malam kuka, ya ce in riƙa jawo ta yadda ake jawo ɗan akuyar da ya nufi shuka, a hankali, ba da duka ba, ko sau nawa ya koma. Kuma tun da na sayi babbar waya na lura ta fi gona cin lokacin wuridi nesa ba kusa ba, shi ya sa a ɗaki nake barin ta in zan tafi wazifa.

Azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2023 goman ƙarshe ta faɗo a watan Afrilu, tsakiyar bazara, ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Na nemi yardar mai ɗakina tukuna, sannan na durƙusa gaban Inna. Ta ce, "Wa ka bar wa gidan?" Na lissafa mata: gero yana rumbu, na faskara itacen kwana goma, kuɗin cefane yana hannun surukarta, ƙanena zai riƙa ɗebo ruwa. Ta ce, "To, Allah ya karɓa. Ka sa mahaifinka a addu'a."